Hancin Bonet a Motocin Ƙwanji na Amurka: Ƙarin Ƙarfi ne ko Kwalliya?

A shekarar 1969, duk wanda ya shiga shagon dilan Ford a Amurka yana neman Mustang mai injin 428 Cobra Jet, zaɓi biyu ake ajiye masa. Akwai wadda lambar injinta Q ce, akwai mai lamba R. Mai R ita ce aka yanke wa rami a tsakiyar bonet, wani baƙin hanci ya leƙo ta cikinsa. A jikin inji aka ɗaure hancin, ba a jikin bonet ba, saboda haka in mota na tsaye inji na aiki sai ka gan shi yana karkarwa. Daga nan ya samo sunansa, Shaker, wato mai girgiza. Mai Q ba ta da wannan gata. In samfurin Mustang da ake kira Mach 1 ce, ita ma za a ɗora mata hanci, amma a toshe yake, ko ƙuda ba zai wuce ba, abin da ke bayansa 'yan fitilun sigina ne masu kallon direba. Mai R ta fi tsada. Amma ka buɗe takardar kamfani: ƙarfin doki 335 aka rubuta wa Q, 335 aka rubuta wa R.

To kuɗin me mai R ya biya?

Wannan muhawara ta girmi yawancin masu yin ta yau. Wasu na cewa hancin bonet wayon kasuwa ne kawai, kamfanonin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, sun gano samari da ido suke saye. Wasu kuma ko Alƙur'ani aka ɗora musu za su rantse cewa da zarar mota ta miƙe hanya, hancin na ɗura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. A ganina duka ɓangarorin sun saki reshe sun kama ganye. Hancin da aka yi da kyau yana ƙara ƙarfi, sai dai ba ta hanyar da aka tallata shi ba, kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji: matsakaitan motoci, galibi masu ƙofa biyu, da aka cusa wa manyan injuna masu silinda takwas, daga lita 6 da ɗoriya zuwa lita 7 da rabi. Yawanci ana fara lissafin zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, ya yi tashe zuwa 1970, sannan dokokin hayaƙi da tsadar inshora da rikicin mai na 1973 suka taru suka kwantar da shi. GTO ta farkon ma da hanci biyu ta zo, duka na ƙarya. Tun ran gini tun ran zane.

Bari mu fara kawar da takardar kamfani gefe, domin ba za ta iya raba wannan gardama ba. Har zuwa 1971, kamfanonin Amurka ba a cikin mota suke auna ƙarfin inji ba. Kafa shi ake yi a kan na'urar gwaji a cikin ɗaki, galibi ba matatar iska, ba cikakken salansa, ba sauran kayan da inji ke wahalar juyawa in yana cikin mota. Injin da ke zaune a ɗaki ba shi da bonet, balle hanci, iskar hanya kuma ba ta kaɗa shi. Injin Q da na R abu ɗaya ne a ciki, dole su fito da lamba ɗaya. Haka Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 mai injin LS6 doki 450 ce ko da bonet mai shan iska ko babu, haka 426 Hemi na Chrysler 425 ne ko wane irin bonet aka kifa masa. Ga kuma wata al'ada ta rage lamba da gangan, don kada kamfanonin inshora su tsorata, kuma don mota ta faɗa rukuni mai sauƙi a tseren NHRA, hukumar tseren motoci a miƙaƙƙiyar hanya ta Amurka. Ita kanta 335 ɗin ta Cobra Jet, masana motar sun daɗe da yarda cewa an yi mata ƙauron mudu. Amsa ba ta cikin takarda, tana cikin lissafin iska.

Inji mai shan fetur, in aka bi ta ƙwaƙƙwafi, iska ya fi sha. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Lita ɗaya ta mai ke nan sai ta haɗu da iska kimanin lita 9,000. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, ko yaron gareji zai iya. Iska ce matsalar: iya abin da silinda ta samu na iska, iya ƙarfin da za ta bayar. Duk wata dabarar ƙara wa inji ƙarfi, daga manyan bawul zuwa turbo, ƙoƙarin shigar da ƙarin iska ne. Masu tallar hancin bonet alkawari biyu suka yi a kan wannan. Na farko, gudun mota zai danna iska cikin inji da ƙarfi. Na biyu, iskar waje ta fi ta ƙarƙashin bonet sanyi. Na farkon shi aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin mota, Ram Air, wato iska mai tunkuyi irin na rago. Shi ne kuma ya fi rauni.

Iskar da muke zaune a cikinta tana da nauyi. A daidai bakin teku tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin da ya ɗan haura kilo ɗaya. Wannan matsin ne ke cika silinda: fistin ya yi ƙasa ya bar fili, iskar waje ta rugo ta cike gurbin. Tambayar ita ce, nawa gudun mota ke ƙarawa a kan kilo ɗayan nan? Lissafin sananne ne, ba na kamfani ba ne. A gudun kilomita 100 cikin awa, in aka tare iskar gaba ɗaya ba a yi asarar komai ba, ƙarin bai cika giram 5 ba. Giram 5 a kan giram 1,000, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A gudun 160 ya kai giram 12, kashi 1 da ɗan wani abu. A gudun 50, irin na cikin gari, giram ɗaya ne da 'yan kai. Injin doki 400 da ke sheƙa 160, abin da tunkuyin iska zai ba shi, in komai ya tafi daidai, doki 4 ne zuwa 5. Komai kuwa ba ya tafiya daidai.

Wani zai ce ai in ya fitar da hannu ta taga mota na gudu, yana jin iska na neman karya shi. Gaskiya ne, amma tafin hannu ya haura santimita murabba'i 100, giram 5 sau ɗari rabin kilo ne, dole ka ji shi. Silinda ba faɗin wuri take kallo ba, yawan matsi take kallo.

Abin da ke ceton wannan alkawari shi ne matsin ba a jere yake hawa ba: in gudu ya ninka sau biyu, matsi sau huɗu yake ninkawa. A gudun 300 ya haura giram 40, kashi 4 cikin ɗari. Shi ya sa Kawasaki ke rubuta wa babur ɗinsa ZX-10R alƙaluma biyu, ɗaya ba tare da taimakon iska ba, ɗaya da shi, tazarar kuma kimanin doki 10 ce a kan 200. A can tunkuyin iska gaskiya ne. Amma motocin 1969 da 1970, a tseren rubu'in mil da aka gina su dominsa, mita 402, suna ƙetare layin ƙarshe ne da gudun 160 zuwa 170 bayan daƙiƙa 13 ko 14. Daidai lokacin da hancin ya fara samun abin turawa, tsere ya ƙare.

Sannan ga batun wuri, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa a cikin lamarin gaba ɗaya. Iska ba ta bin jikin mota da gudu ɗaya. Akwai wani siririn bargo nata da ke manne da ƙarfe yana jan ƙafa, kuma yana ƙara kauri daga gaba zuwa baya. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli fankar silin ya ga shaidarsa: wuni take tana juyawa, amma ƙura na kwance a kan fukafukanta ba ta tashi. Hancin da aka yi shi gajere, ya lafe a tsakiyar bonet, bakinsa a cikin wannan raggon bargo yake. Iska mai gudu ta samansa take wucewa. Ban da wannan, matsi ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi yawa a goshin mota, wurin fitilu da ragar lagireto, inda iska ke cin karo da bango. Da ta lanƙwasa ta hau leɓen bonet sai ta ƙara sauri, matsinta ya faɗi, har rami a wurin kan koma mai fitar da iska maimakon mai shigar da ita. Can baya kuma, a gindin gilashin gaba, iskar ta sake cin karo da wani bango, ta taru, matsi ya sake hawa. Duba motarka: 'yar ragar da ke ƙarƙashin waifa, ta nan iskar cikin mota ke shiga. Ba banza aka sa ta a nan ba.

Saboda haka bonet ɗin da ya fi kama da kuskure a ido shi ne ɗaya daga cikin masu hankali. Chevrolet ya juya bakin nasa baya, yana kallon direba, ya kira shi Cowl Induction. An sayar da shi a Camaro ta 1969 da Chevelle ta 1970 a ƙarƙashin lambar ZL2. A Chevelle, wata 'yar ƙofa ce a gindin gilashi wadda zuƙar inji ke riƙewa a rufe, in ka take totur ƙasa zuƙar ta saki, ƙofar ta ɗaga, wata ƙofar ta ciki kuma lantarki ya buɗe ta. Daga filin tsere dabarar ta fito, motocin gasar tseren NASCAR ta Amurka sun shafe shekaru masu yawa suna shan iska daga wannan wuri. Oldsmobile kuma goshi ya nufa. A motarsa 442 ta 1966 mai kunshin kayan ƙarin ƙarfi na W-30, manyan bututu biyu aka jawo daga wajen bamba zuwa tukunyar matatar iska, har aka mayar da batir but don a sami hanya. A 1968 da 1969 bakunan bututun a ƙarƙashin bamba suke, sai ka sunkuya za ka gan su. Ford ma ya yi irin wannan tun 1964 a Fairlane Thunderbolt, motar tsere ce da aka yi guda 100 kacal: cire fitilu biyu na ciki aka yi, ramukansu suka zama hanci. Abin lura, a 1970 Oldsmobile ya bar ƙarƙashin bamba ya dawo da hanci biyu manya a saman bonet na faiba. Abin da ke ƙarƙashin bamba yana kwasar ruwa da ganye, wannan gaskiya ne, amma kuma ba ya sayar da mota a bakin titi.

A cikin masu kallon gaba ma akwai waɗanda suka san da bargon nan. Dodge Challenger T/A ta 1970 an ɗaga bakin hancinta sama da fatar bonet, don raggon iska ya wuce ta ƙasa, mai gudu ya shiga. Plymouth Road Runner da Dodge Super Bee na tsakiyar 1969 masu injin 440 da kafireta uku kuwa ba su tsaya wata dabara ba, ƙaton baki aka buɗe a kan bonet na faiba wanda ko hinji ba shi da shi, ƙusoshi huɗu ke riƙe da shi, in za a duba mai sai mutum biyu sun ɗauke shi gaba ɗaya. Girman bakin nan ba fankama ba ce. Injin lita 7 da ke juyi 5,000 da 'yan kai a minti yana haɗiye iska wajen lita 250 a kowace daƙiƙa. A gudun 160, rami mai faɗin santimita murabba'i 60 ya isa ya kawo wannan. Amma a giya ta ɗaya, mota na gudun 50 inji na ihu, sai ramin ya ninka haka sau uku kafin gudun mota kaɗai ya ciyar da shi. In bai kai ba, inji ne ke jan iska ta cikin ramin, ba ramin ke tura masa ba. Hanci ƙarami, in shi kaɗai ne ƙofa, shaƙe inji yake yi a daidai inda aka fi buƙatar ƙarfi.

Kafireta ma tana da nata halin. Da bambancin matsi take auna mai, kuma ta fi son iska ta sauko mata a natse, daidai wa daida ta kowane gefe. Iskar da ta faɗo ta hanci tana birgima, ta daki bangon baya, ta fi yawa a gefe ɗaya, na iya sa wasu silindoji su sami mai da yawa wasu su samu kaɗan. Mutane da dama da suka yanke bonet da hannunsu sun gamu da wannan: mota ta fi ƙara, amma tana shaƙewa in gudu ya yi nisa, sai an koma an canja jet, wato 'yan ramukan da ke auna mai a kafireta, an gyara yadda iskar ke sauka. Na kamfani ya fi na gida a nan, domin an daidaita kafireta da shi tun farko.

Yanzu alkawari na biyu, wanda ba a cika rubuta shi a jikin mota ba amma shi ke biyan kuɗin sabulu. Ƙarƙashin bonet ɗin irin waɗannan motoci murhu ne. Ga tulin ƙarfen inji mai nauyin kusan kilo 300, ga bututun hayaƙi hagu da dama, ga iskar da ta ratso lagireto ta kwaso zafinsa. Tukunyar matatar iska ta yau da kullum a tsakiyar wannan take shaƙa, ta wani ɗan siririn baki. Iska kuwa in ta yi zafi buɗewa take yi, lita ɗaya ta ɗauki oksijin kaɗan. A ce waje digiri 25 ne, ƙarƙashin bonet 55. Iskar ciki ta fi ta waje sauƙin nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ba duka ke komawa asarar ƙarfi ba, domin iska mai zafi ta ɗan fi saurin ratsa bututu; ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita wajen daidaita sakamakon gwaji tana ba da kimanin kashi 1 cikin ɗari a kan kowane digiri 5 zuwa 6. Digiri 30 ke nan ya ci kashi 5. A injin doki 400, doki 20. Ka ajiye wannan kusa da doki 4 ko 5 na tunkuyin iska ka ga wanda ke ɗauke da gidan.

Direban da ya saba da motarsa ya san wannan ba tare da lissafi ba. Yadda take amsa totur da asubahin hunturu daban, yadda take nauyi da azahar ɗin watan Afrilu daban. Mota ɗaya, mai ɗaya, iska ce ta canja.

Kuma ribar sanyi tana zuwa a daidai inda tunkuyi ba shi da komai. In mota ta miƙe hanya, iskar da ke ratsa ɗakin inji na rage zafin, tazarar ciki da waje ta ragu. Amma motar tsere daga layi take fitowa, ta daɗe a tsaye inji na aiki, komai ya ɗau zafi. A mita ɗari na farko, iskar waje ita ce bambancin. Akwai kuma wata riba ta ɓoye. Injunan lokacin suna matse cakuɗen mai da iska sau 10 zuwa 11, LS6 ma 11.25. Cakuɗe mai zafi a irin wannan matsi yana saurin fashewa da kansa ba bisa tsari ba, ka ji inji na ƙarar kas-kas, dole a ja taimin baya, ƙarfi ya ragu. Iska mai sanyi tana ba bakanike damar barin taimin inda ya fi amfani. Ta uku, ƙofar da ke buɗewa in an take totur tana tsallake siririn bakin tukunya, inji ya numfasa a sake. Samarin da ba su da kuɗin bonet na musamman kifa murfin tukunyar suke yi don ya bar tsaga kewaye. Suna samun sakewar numfashi da ƙara mai daɗin ji, sai dai iskar murhu suke sha.

Duk wannan da sharaɗi ɗaya: a rufe hanya ruf tsakanin hanci da kafireta. Pontiac ya fahimci haka tun 1965, lokacin da ya fara sayar wa masu GTO wani faranti da zoben soso a kantin kayan gyara, mai mota ya yanke toshiyar hancin, sosan ya manne da cikin bonet in an rufe. Fifikon Shaker a nan yake, tunda hancin da tukunyar abu ɗaya ne, ba inda iskar murhu za ta kutsa. Motar da sosanta ya ruɓe bayan shekara hamsin, ko wadda aka huda bonet ɗinta kawai aka bar tukunya yadda take, hoto ne. Rami ne a kan murhu.

To in ribar ta tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, me ya sa motocin da ke ɗauke da sunan Ram Air suka yi kaurin suna wajen gudu? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kamfanoni ba su cika sayar da hanci shi kaɗai ba, a kunshi yake zuwa. Ram Air na GTO ta 1967 ya zo da kamshaf dabam, wato sandar da ke buɗe bawul, da sifirin bawul masu ƙarfi, da gajeriyar giya a gatarin baya, wadda ita kaɗai ta isa ta sa mota ta yi tsalle daga layi. A 1969 akwai Ram Air III mai doki 366 a takarda da Ram Air IV mai 370. Hancinsu ɗaya ne. Amma na huɗun yana da kawunan silinda masu faffaɗan hanyoyi, da kamshaf mai tsananin buɗe bawul, da bututun shigar mai na alminiyom, kuma in juyi ya yi sama tazararsu ta wuce doki 4 nesa ba kusa ba. Haka W-30 yake, kamshaf ne da zaɓaɓɓun kayan ciki, bututun iskar ɗaya ne daga cikin jerin. Ko daga baya, Pontiac Firebird mai kunshin WS6 ta 1998 an rubuta mata 320 a maimakon 305, amma har da gyaran salansa a ciki. Hancin shi ake gani, shi ke karɓar yabo.

Ba wai ribar ba ta da amfani ba. A tseren rubu'in mil, ƙarin ƙarfi na kashi 3 cikin ɗari yana rage lokaci da kusan kashi 1, wato kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa da ɗan ɗori a motar daƙiƙa 14. A gudun 160, wannan ɗan lokaci tsawon mota guda ne. Ga wanda ya sa kuɗi a tsere, tsawon mota guda shi ne komai. Ga mai zuwa aiki, ba zai taɓa jin sa a jiki ba, kunnensa ne kawai zai ji. Kuma tayoyin zamanin sirara ne, ba su iya riƙe ko ƙarfin da ake da shi. Direba ɗaya da ya yi gaggawar sakin kuloci zai ƙona abin da hancin ya tara masa sau uku a hayaƙin taya.

Akwai kuma abin da ake biya. Ramin da ke shan iska yana shan ruwan sama da ƙanƙara. Shi ya sa Shaker ke da bututun zubar da ruwa, Pontiac ya sa wa direba maɓalli a ƙarƙashin dashbod a 1969, Plymouth kuma ya fito da Air Grabber na 1970, ƙofar da ke kwance daidai da bonet sai an taɓa makunni ta miƙe a hankali, da zanen haƙoran kifin shak a gefenta. Kowa ya san a bakin danja ake miƙar da ita, don na kusa ya gani ya shiga taitayinsa. Kamfanin AMC ma bai ɓoye niyyarsa ba: a SC/Rambler ta 1969 kibiya aka zana a kan bonet tana nuna bakin hancin, kamar iska za ta ɓata hanya. Iska mai sanyi kuma ba kullum ake son ta ba. Da sanyin safiya fetur ba ya narkewa da kyau a cikinta, kafireta na iya yin ƙanƙara in akwai laima, hayaƙi ya ƙaru. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin da kansu suka riƙa jawo iska mai ɗumi daga jikin bututun hayaƙi don tafiyar yau da kullum, sai an take totur a saki ta waje. Duk tudun da aka ɗora a bonet kuma yana ƙara wa mota tirjiyar iska.

Hancin da muka saba gani a kan wasu Hilux da Land Cruiser masu injin dizal wani aiki yake yi dabam. Ba cikin inji iskarsa ke shiga ba, wata 'yar lagireto da ke kwance a saman inji take hurawa, wadda ke sanyaya iskar da turbo ya matse. Dogon bututun da ke hawa gefen gilashi a motocin sahara kuma don guje wa ƙura da ruwa aka yi shi. Na roba da ake mannawa da gam, wannan ba sai an tattauna ba.

Motar zamani ta riga ta cinye ribar da hancin 1969 ke nema. Ko Corolla daga bayan fitila ko saman ragar gaba take jawo iska, ta bututun roba a rufe, kwamfuta na auna zafinta tana daidaita mai. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Rukunin motocin tsere na Pro Stock na NHRA, wanda manyan hancinsa suka zama tambarinsa shekara da shekaru, ya cire su a 2016 da aka bar kafireta, aka mayar da ƙofar iska goshin mota. Challenger Hellcat ta 2015 ta farfaɗo da dabarar Thunderbolt, ɗaya daga cikin fitilun gabanta rami ne a tsakiya. Da Dodge ya fito da Demon ta 2018 ya dawo da sunan Air-Grabber, da baki mai faɗin kusan santimita murabba'i 290, ya yi ta alfahari da girmansa. Amma doki 840 ɗin motar daga sufacaja suke fitowa, na'urar matse iska cikin inji, wadda ke ƙara matsin kilo guda cur a kan kowane santimita murabba'i, sau tamanin da wani abu na giram 12 ɗin da gudun 160 ke bayarwa. Aikin hancin shi ne ya kawo mata iska mai yawa mai sanyi. Sanyin ya dame su har suka karkatar da na'urar sanyaya ɗakin mota ta koma sanyaya iskar inji in an shiga yanayin tsere, direba ya yi gumi.

Pontiac Trans Am ta 1970 ta haɗa dabarun biyu wuri ɗaya: hanci mai girgiza irin na Ford, amma bakinsa na kallon baya irin na Chevrolet, da ƙofar da lantarki ke buɗewa in totur ya kai ƙasa. Guda 3,196 aka yi a shekarar. Daga 1973 dokar taƙaita ƙarar motoci ta sa aka toshe bakin da faranti, hancin ya ci gaba da leƙowa ta bonet yana karkarwa, ba ya shan komai. Masu motar da dama sun cire farantin da hannunsu don su ji kukan kafireta. A 1979, da hancin a toshe da inji da bai kai na farkon ƙarfi ba, Pontiac ya sayar da Trans Am sama da 100,000.